Abdu Mumuni na Tasawa, malamin da ya kai ilimi maƙera

Duk wanda ya taso daga Bazaga, ya ratsa Birnin Ƙonni ya nufi Malbaza, zai isa garin da aka buɗe babbar tashar lantarki mai aiki da hasken rana ta farko a Nijar, a watan Nuwamban 2018. Ƙarfinta megawat 7 ne. Da bashin Indiya aka gina ta, kuma kamfanin Indiya ne ya yi aikin. Abin da yaranmu da yawa ba su sani ba shi ne, kusan shekara hamsin kafin nan, wani ɗan ƙasa ya riga ya fara ƙera kayan aiki da rana a Yamai.

Sunansa Abdu Mumuni Jofo. An haife shi a Tasawa ranar 26 ga Yunin 1929. Ya yi makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal, sannan ya wuce Faransa, inda a 1956 ya ci jarrabawar nan mai wuya ta manyan malaman kimiyyar fizik. Ya koyar a Konakiri, ya je Tarayyar Sobiyet ya ƙaro sani a kan makamashin rana, ya kuma jagoranci ɗakin bincike a Bamako. A 1969 ya dawo gida aka damƙa masa ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, ya riƙe shi har 1985.

A nan ne ya bambanta da sauran masana. Bai bar lissafi ya kwana a allo ba, sai da ya mayar da shi kayan da za a saya. Na'urar dafa ruwa da ofishin ya riƙa ƙerawa ba ta da wani siddabaru: baƙin farantin ƙarfe ne a ƙarƙashin gilashi, rana ta gasa shi, ruwan da ke cikin bututu ya yi zafi ya hau tanki da kansa. Murhun kuwa madubi ne mai zurfi kamar ƙwarya, yana tara haske a gindin tukunya. A ƙasar da mata ke nisan tafiya neman itace, hamada kuma na matsowa, kowa ya san amfanin wannan.

Sai dai irin wannan sana'a tana cin shekaru kafin ta kawo riba. Da farashin uraniyom ya faɗi a shekarun 1980, aljihun gwamnati ya tsuke, aikin ya ja baya. Malam ya rasu ranar 7 ga Afrilun 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992.

Har yau matsalar tana nan. Dubi Oshiorenoya Agabi, ɗan Legas, wanda shi ma da fizik ya fara. Kamfaninsa Koniku yana haɗa ƙwayoyin halitta masu rai da ƴan ƙananan na'urorin kwamfuta, domin su shinshino ƙanshin abin fashewa kamar yadda hancin kare ke yi. Ilimin jijiyoyi ne ya haɗu da aikin injiniya. To amma a Kalifoniya ya kafa shi, can inda masu kuɗi ke iya haƙurin jiran bincike ya nuna.

Kuɗi ba a hannunmu suke ba, amma tushen yana hannunmu. A littafinsa kan ilimi a Afirka, wanda ya fito a 1964, Abdu Mumuni ya nace a koyar da yara da harshensu, a kuma haɗa karatu da aikin hannu. Malam, za ka iya bayyana wa ɗalibanka da Hausa dalilin da ya sa ruwan baƙar jarka ke saurin ɗumi a rana, ka sa su gwada a filin makaranta. Iyaye kuma, yaron da ya kwance fitila ko rediyo don ya ga cikinsu, kafin a ɗauko masa bulala a fara tambayarsa abin da ya gano. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da ta haska Tasawa a 1929 ita ce ke haska Bazaga yau, saura yaron da za a bari ya yi aiki da ita.