Hausar Ƙetaren Gada da Tarihin Binciken Furuci

Duk wanda ya haye gadar kogin Kaduna ya nufi Kakuri, Barnawa ko Sabon Tasha, kunnensa zai shaida masa cewa Hausa ta sake riga. Za a ce masa "kafa" ana nufin ƙafa, "daki" ana nufin ɗaki, "soro" ana nufin tsoro. Bakano kan taɓe baki ya ce an ɓata harshe. Sai dai wannan lafazi yana da asali, kuma jirgin ƙasa ne ya fara share masa hanya.

A 1911 layin dogo na Baro ya isa Kano ta wannan yanki, babbar tashar Kaduna kuma ta zauna a kudancin kogi. Da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, sai soja da leburori da ma'aikatan reluwe suka cika garin, kowa da harshen da ya sha a nono. Hausa ce ta haɗa su, irin wadda ake kira Barikanci.

Masaƙu ne suka gama aikin. A 1957 gwamnatin Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila, ta buɗe masaƙar KTL a Kakuri. Masaƙun UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975. Atyap, Bajju, Ham, Gbagyi, Tibi, Idoma da Ibo suka tsaya gaban inji ɗaya, suka kama haya a gida ɗaya. Sautukan da ke buƙatar tsuke maƙogwaro, musamman ƙ da ts, baƙi ne ga yawancinsu, don haka kowa ya ɗauki mafi kusa da abin da bakinsa ya saba. Tsawon wasali ya raunana, bambancin namiji da mace ma haka. Ko da yake a nan ba baƙi kaɗai za a ɗora wa ba, don Zazzagawa sun daɗe suna cewa "rigan" a inda Bakano zai ce "rigar".

Masana sun riga masaƙu fara bin diddigin irin wannan sauyi. A 1928 Bajamushe August Klingenheben ya nuna cewa baƙin da ya zo a ƙarshen gaɓa yakan yi laushi a Hausa. Shi ya sa talaka ya haifi talauci, shi ya sa kuma Basakkwace ke cewa sabka da zamna, Bakano na cewa sauka da zauna. Wato Hausar da ake ɗauka ma'auni ita ma ta taɓa sassauta furuci, ba wanda ya kira haka cuta. Daga baya malamai irin su Farfesa M.A.Z. Sani suka koyar da waɗannan dokoki da Hausa tsantsa: naso, shafewa, da ganɗantawar da ke mayar da mota motoci, kaza kaji.

A wani ɓangaren kuma, masu nazarin bakin yara sun taho ta tasu hanyar. Roman Jakobson ya yi bayani a 1941 cewa yaro ba ya tsintar sautuka barkatai, bi da bi yake kama su. David Stampe ya ƙara da cewa kowane yaro yana sauƙaƙa furuci bisa tsari, yana yar da sauƙaƙawar yayin da yake girma. A 1976 David Ingram ya shigar da wannan tunani ɗakin gyaran magana: maimakon a ƙirga kalmomin da yaro ya kasa, a nemo dokar da ta maƙale masa. Iyayenmu mata sun san rabin wannan tun tuni. Ɗan shekara biyu ya ce "luwa" maimakon ruwa ba a damuwa, in ya kai makaranta yana faɗa sai a ce tsamin baki ne.

A kudancin Kaduna hanyoyin biyu suka yi karo. Bayan rikicin 2000 da na 2002 garin ya rabu, Hausawa da yawa suka koma arewacin kogi, masaƙun ma suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Yaron Narayi ko Unguwar Romi yanzu yana jin Hausa ne galibi daga bakin waɗanda su ma koyo suka yi, ga Turanci, ga buroka, ga harshen gida. In ya ce "kasa" maimakon ƙasa, abin da ya ji ya maimaita, lafiyarsa ƙalau. Wanda ya kamata a duba shi ne wanda ko a lafazin unguwarsu sa'o'insa sun wuce shi, ko mai i'ina, ko wanda ba ya waiwaye in an kira shi. Irin wannan na ƙarshe akan fara da awon ji, kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa tana Kaduna tun 1999. Awon furuci ne ke da wuya, domin fitattun ma'aunan an gina su ne a kan Turanci, harshen da ba shi da ƙ, ba ya kuma bambanta ma'anar kalma da karin sauti.