Ɗigo 96 a Inci Ɗaya: Asalin Rubutu Mai Dishi-Dishi a Kwamfuta

Yau zan yi magana ne a kan abin da yake sa mutum ya yi ta murza ido a gaban laftof: ka buɗe wata manhaja rubutu ya fito garau, ka buɗe wata kuma ya yi dishi-dishi kamar an shafa wa allon man gyaɗa. Da yawa sukan ɗauka allon ne ya lalace, har su nufi wurin mai gyara da kuɗinsu. Galibi allon lafiyarsa ƙalau. Matsalar ta girmi yawancin masu karanta wannan rubutu.

Duk abin da kake gani a allo ƙananan ɗigo ne aka jera, waɗanda ake kira fiksel. A 1984 da Apple ya fitar da Macintosh na farko, allonsa ɗigo 512 ne a kwance, 342 a tsaye, kuma ɗigo 72 ke cika inci ɗaya. Ba haka kawai aka zaɓi 72 ba. A ma'aunin masu ɗab'i, inci ɗaya maki 72 ne, don haka girman harafi a allo shi ne girmansa a takarda. Microsoft kuwa ya ce ai mutum ya fi nisa da allo a kan yadda yake riƙe takarda, sai ya ƙara kashi ɗaya cikin uku, 72 ya koma 96.

To, nan gizo ke saƙar. Masu rubuta manhajojin Windows suka ɗauki 96 ɗin nan kamar ba zai taɓa canzawa ba. Maɓalli kaza faɗinsa ɗigo kaza, harafi kaza tsayinsa ɗigo kaza, aka kafe a haka. Kuma gaskiya ban ga laifinsu sosai ba, domin an kwashe shekaru allunan da ke kasuwa ba su yi nisa da wannan adadi ba.

Sai allo ya fara cika da ɗigo. Ɗauki laftof mai inci 14 da ɗigo 1920 sau 1080, irin wanda ya cika hannun ɗalibai yanzu: inci ɗaya nasa yana ɗauke da ɗigo kusan 157. Harafin da aka yanka wa ɗigo 16, wanda ya kamata ya kai kashi ɗaya cikin shida na inci, sai ya tsuke ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Kamar tururuwa. A zamanin Windows XP kana iya ɗaga adadin zuwa 120, amma sai rubutu ya kumbura ya fi ƙarfin maɓallin da aka sa shi ciki, rabin kalma ya ɓace.

Maganin da Windows Vista ya zo da shi a 2007 shi ne abin da ya fi burge ni a duk labarin, domin ƙarya ce tsagwaronta. Idan tsohuwar manhaja ta tambayi Windows ɗigo nawa ne a inci, sai ya ce mata 96, ci gaba da aikinki. Ta zana tagarta a ƙarama, shi kuma ya ɗauki zanen kamar hoto ya ja shi ya buɗe. Kun san yadda hoton da ya sha turawa a WhatsApp yake idan aka zuƙo shi? Haka ake yi wa rubutun. Idan an sa girma a kashi 150 cikin ɗari, kowane ɗigo biyu sai sun zama uku, layin da kaurinsa ɗigo ɗaya ne ya zama ɗaya da rabi. Rabin ɗigo kuwa babu shi a allo, sai dai a shafa toka-toka a gefe. Wannan tokar ita ce dishi-dishin.

Apple ya kauce wa rabin ɗigon nan da lissafi mai sauƙi. iPhone 4 na 2010 ya zo da 960 sau 640, ninki biyu cif na 480 sau 320 na waɗanda suka gabace shi. Ɗigo ɗaya ya zama huɗu, babu ragowa. Amma shi Apple shi ke ƙera na'urarsa, Microsoft kuwa dole ya yi aiki a kan allon kowane kamfani. Sai a Windows 8.1, a 2013, aka ba kowane allo damar samun nasa girman, sannan a 2017 Windows 10 ya samu hanyar sake zana rubutun wasu tsofaffin manhajoji maimakon jan hotonsu.

Kada kuma a haɗa wannan da ClearType, wanda Bill Gates ya sanar a 1998. Shi dabara ce ta daban: kowane ɗigo na allon LCD yana da tsagi uku, ja da kore da shuɗi, sai ake amfani da su ɗaya-ɗaya a goge gefen harafi. Yana gyara kaifin rubutu, amma ba ya warkar da tagar da aka ja kamar hoto.

Saboda haka, kafin ka kashe ko sisi, duba mene ne ya yi dishi-dishin. Idan komai ne a allon, shiga Display settings ka tabbatar Display resolution yana kan wanda aka rubuta wa Recommended, domin allon LCD adadin ɗigonsa a kafe yake, duk wani adadi daban jan hoto ne. Mutane da yawa nan suke rage shi don rubutu ya ƙara girma, alhali Scale ya kamata su taɓa. Idan kuwa manhaja ɗaya ce tak, danna ta da maɓallin dama, shiga Properties, sai Compatibility, sai Change high DPI settings, ka kunna akwatin Override. Zaɓin Application yana hana Windows jan hoton: rubutu zai fito garau, sai dai wataƙila ya ƙanƙance. Idan ya yi maka ƙanƙanta, gwada System Enhanced, wato gyaran 2017 ɗin nan, sannan ka rufe manhajar ka sake buɗewa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.