Bawul, rediyo da jita: fasahar da ba ta daɗe a Arewa ba

Matashin da ya zauna a Gwandu ko Kalgo ya ƙudiri aniyar haɗa amfilifayar jita mai bawul da hannunsa zai fara cin karo da rashin wanda zai tambaya. Masu gyaran rediyo suna nan har gobe a Birnin Kebbi, sai dai yawancinsu taransista suka taso suka tarar. Wannan giɓi yana da tarihi.

Bawul 'yar kwalbar gilashi ce da aka zuƙe wa iska, da siririyar waya a ciki wadda kan yi ja idan ta ɗau zafi. John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1904. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata wata 'yar raga, ta yadda ƙaramar sigina za ta iya juya wuta mai ƙarfi. Daga nan aka sami hanyar ƙara wa sauti ƙarfi.

A 1944 Turawan mulki suka buɗe tashar rarraba shirye-shiryen rediyo ta waya a Kano. Injinan suna can tasha. Abin da ya iso ga jama'a lasifika ce kawai, a gida ko a dandali. Wato mutane sun ji aikin bawul ba tare da sun taɓa ganinta ba. Akwatin rediyo mai bawul kuwa yana bukatar wutar lantarki ko manyan batura masu nauyi da tsada, don haka ya tsaya a hannun sarakuna, manyan ma'aikatan En'e da attajirai. Kafin sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna kuma a 1962, an riga an ƙirƙiro taransista tun 1947, har rediyon aljihu ya shiga kasuwar Amurka a 1954. Rediyon da ya zama abokin manomi da makiyayi, wanda ake ratayawa a kafaɗa, mai taransista ne da ƙananan batura. A ganina rashin wuta ne ya yanke hukuncin, ba ingancin sauti ba.

A Amurka labarin ya bi wata hanya. Leo Fender mai gyaran rediyo ne da ya buɗe shago a Fullerton ta jihar Kalifoniya a 1938, kuma daga teburin gyara ya koma ƙera amfilifaya. Ƙaramar cikinsu, Champ, ta fito a 1948. Samfurinta da masu koyo suka fi kwaikwaya a yau bawul uku gare shi, 12AX7 da 6V6 da 5Y3, ƙarfinsa bai wuce wat 5 ba, kuma kusan ɓangaren sauti ne na tsohon rediyo aka ware aka sa a akwati. Abin mamaki, aibin bawul shi ya raya ta. Idan aka matsa mata fiye da ƙima sai sautin ya yi 'yar dishewa mai daɗin ji, alhali taransista a irin wannan hali kan tsage da kaushi. Injiniyoyi sun ɗauki dishewar a matsayin cuta, makaɗan jita suka ce ita suke nema.

Kiɗanmu bai bukaci wannan ba. Mai kukuma da mai kotso lasifika suke so mai kai murya ƙarshen unguwa, mai araha, mai jure ƙura. Jitar lantarki a Nijar ta yi saiwa, wajen Abzinawa. Mdou Moctar ma da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008.

Saboda haka mai koyo na Gwandu daga waje zai yi odar bawul, domin a Rasha da Sulobakiya da Sin ake ƙera mafi yawansu yanzu. Dole ya nemi taransifoma mai karɓar bolt 230 irin namu, ba 120 na Amurka da ke kan yawancin zane-zanen intanet ba. A cikin akwatin kuma akwai wuta fiye da bolt 300, wadda kafasita kan riƙe ko bayan an zare soket. Sai an sauke ta an auna da mita kafin a kai hannu.