Shekarar da Aka Ci Amanar Cleveland

A shekarar 1899, birnin Cleveland na ƙasar Amurka yana da ƙungiyar besbol, wato ƙwallon da ake bugawa da kulki, mai suna Spiders. A waccan kakar ta buga wasa 154, ta yi nasara a 20 kacal, aka doke ta sau 134. Har yau babu ƙungiyar manyan gasa da ta sha kashi irin wannan.

Musabbabin abin daga sama ya faro. Masu ƙungiyar, 'yan'uwa biyu, Frank da Stanley Robison, sun sayi wata ƙungiyar a birnin St. Louis, inda suka hango kasuwa za ta fi ci. Sai suka kwashe gwanayen 'yan wasa, har da shahararren mai jifa Cy Young, suka kai can, suka bar wa Cleveland ragowa.

'Yan kallo suka ƙaurace wa fili. Baƙin ƙungiyoyi suka ƙi zuwa, domin rabonsu na kuɗin ƙofa ba ya biyan jirgin ƙasa da masauki. Dole Spiders ta koma yawon garuruwan mutane, inda aka lallasa ta sau 101. Akwai lokacin da ta jera wasa 24 ba nasara.

Da kaka ta ƙare, aka rage ƙungiyoyin gasar daga 12 zuwa 8, aka shafe Spiders. St. Louis ɗin ma a matsayi na biyar ta tsaya. Dama magabata sun faɗa, taura biyu ba ta taunuwa. Allah Ya kiyashe mu da shugaban da zuciyarsa ke wani gari.