Soyayyen Dankali da Masu Ƙaurace wa Nama: Nazarin Mai, Kasko da Yaji a Gundumomin Tasawa da Mayahi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ko soyayyen dankalin da ake sayarwa a gidajen abinci ya dace da wanda ba ya cin nama. Ta kwatanta shari'ar kamfanin McDonald's a Amurka da yadda ake suya a Tasawa da Mayahi, cikin jihar Maraɗi. Hujjarta ita ce asalin man suya a wannan yanki tsiro ne, don haka matsalar tana cikin kaskon da ake tarayya da shi da kuma yajin da ake barbaɗawa.

1. Gabatarwa

Ƙaurace wa nama bisa aƙida baƙon abu ne a ƙasar Hausa, inda tsire da kilishi da balangu ke da daraja. Duk da haka akwai waɗanda tambayar ta shafa: majinyacin da likita ya hana kitse saboda hawan jini ko ciwon zuciya, Kiristan da ke barin nama a lokacin azuminsu, da baƙi mabiya addinin Hindu ko ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da ke bin babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, wadda ta ratsa Tasawa. Dukkansu sukan ɗauka dankali ne mafita idan suka shiga gidan abinci.

2. Darasin Amurka

Shekaru da dama McDonald's na soya dankalinsa da haɗin da kashi 93 cikin 100 kitsen shanu ne, sauran kuma man auduga. A 1990, bayan matsin lamba kan lafiyar zuciya, kamfanin ya sanar da komawa man tsiro. Abin da bai fito fili ya faɗa ba shi ne ana ci gaba da sa ɗanɗanon naman shanu tun daga masana'anta, kafin a daskarar da dankalin a rarraba wa rassa. A 2001 lauya Harish Bharti ya shigar da ƙara a birnin Siyatul a madadin mabiya Hindu da masu ƙaurace wa nama, har fushin ya kai Indiya. A 2002 kamfanin ya nemi afuwa, ya amince ya biya dala miliyan 10. Abin lura shi ne ko ma'aikacin da ke tsaye gaban man ba zai iya ba da amsa ba, domin haɗin ya faru nesa da shi. A Beljiyam kuwa ba a ɓoye komai: suya da kitsen shanu al'ada ce da ake alfahari da ita.

3. Asalin mai a Tasawa da Mayahi

Yankin Maraɗi ya daɗe yana cikin manyan wuraren noman gyaɗa a Nijar. Cinikinta ne ya sa aka kafa kamfanin SONARA a 1962, kafin farin farkon shekarun 1970 ya karya kasuwar. Sana'ar ba ta mutu a cikin gidaje ba. Har yau mata na soya gyaɗa, su kai injin niƙa, su murza tunkuza da ruwan zafi har mai ya taso, a zuba a kwalabe, ragowar kuma a yi ƙuliƙuli. Inda man gyaɗa ya yi tsada, ana komawa man jarka da ake shigowa da shi, wanda galibi daga kwakwar manja aka tace shi. Duka biyun tsiro ne. Kakide da man shanu suna da muhallinsu a tuwo da miya, amma ba a saba cika kasko da su don suyar sayarwa ba.

Shi kansa dankalin Turawa ba amfanin gonar yankin ba ne sosai. Fitattun wuraren nomansa su ne Bonkuku da lambunan Abzin, sai wanda ke zuwa daga Jos. Abin da ya fi yawa a bakin tasha da ranar kasuwa shi ne dankalin Hausa, ƙosai, awara da doya, kuma hukuncinsu ɗaya ne.

4. Kasko da yaji

A nan ne maganar take. Mai suya da ke da murhu guda da kasko guda ba za ta zubar da mai don ta canza abin soyawa ba. Idan ta fara da kaza, zabo, kifi ko fara, kitsensu na narkewa ya gauraya da man, ƙananan ɓarɓashi kuma su kwanta a gindin kasko. Dankalin da ya biyo baya yana rasa ruwansa a zafin da ya kai digiri 170 zuwa 180, sannan ya tsotse man da ke jikinsa yayin da yake hucewa a matsami. Da yamma akan tace man a ajiye, gobe a ƙara sabo a kai, ta yadda suyar jiya ke bin ta yau. Mutane da yawa ma sun fi son hakan, suna cewa ya fi ɗanɗano, kuma da gaskiyarsu.

Ya kamata a bambanta masu suya gida biyu. Mai ƙosai ko mai awara da ba ta sayar da komai sai su, kaskonta bai cika haɗuwa da nama ba. Gidan abincin da ke haɗa dankali da kaza ko kifi a faranti ɗaya shi ne abin tuhuma, duk da ya fi kama da na zamani.

Saura yaji. Barkono, ƙuliƙuli, citta da gishiri ba su da laifi, haka daddawar kalwa ko ta batso. Amma an saba daka dunƙulen Maggi ko Jumbo a ciki, kuma cikinsu akwai masu ɗanɗanon kaza ko jatan lande. Sai an karanta takardar kowanne. Miyar da ake zubawa a kai takan zo da romo ko da ba a ga tsoka ba, mayonez kuma da ƙwai ake yin sa.

Bambancin Tasawa da Siyatul shi ne a nan mai amsar tana zaune gaban murhu. Idan mai saye ya ce "Hajiya, ban da nama," za ta tsame tsoka ne kawai. Tambayar da ke fito da bayani ita ce "Inna, me aka soya cikin man nan tun safe?", sannan a nemi ta zuba gishiri zalla a maimakon yajin kwano.