Dumama akwatunan kiwon macizai

Dumama akwatunan kiwon macizai hanya ce da masu kiwon dabbobi masu rarrafe suke bi wajen samar da ɗumi a cikin akwatunan roba da aka jera a kan kanta. Tsarin ya fi yaɗuwa a Amurka da Turai, musamman a wurin masu kiwon ƙaramar mesa (Python regius), wadda asalinta daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, kuma ake fitar da ita da yawa daga Ghana da Togo da Benin. Jikin maciji ba ya samar wa kansa isasshen ɗumi, don haka lafiyarsa ta dogara ne ga zafin wurin da aka ajiye shi.

Yadda tsarin yake

Kantar tana da hawa-hawa, kowane akwati yana shiga ya fita kamar durowa, kuma katakon hawan da ke sama shi ne murfinsa. A ƙarshen kowane hawa ta baya ana shimfiɗa tef ɗin dumama, wato siririyar leda mai layukan kabon a ciki da take yin zafi idan wutar lantarki ta bi ta. Flexwatt na daga cikin sanannun nau'o'insa. Tef ɗin yakan kama kusan kashi ɗaya cikin uku na gindin akwati, domin a samu ɓangare mai ɗumi da ɓangare mai sanyi, macijin ya zaɓi inda zai kwanta. Ga ƙaramar mesa, ana son ɓangaren ɗumi ya kasance tsakanin digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyos, ɗaya ɓangaren kuma tsakanin 24 zuwa 27.

Na'urar daidaita zafi

Tef ɗin ba ya tsayar da kansa. Idan aka haɗa shi da wuta kai tsaye zai iya yin zafin da zai ƙona cikin maciji ko ya narkar da roba. Shi ya sa ake haɗa shi da na'urar daidaita zafi, wadda take da waya mai ɗan ƙaramin kan awo a ƙarshenta. Nau'i na farko yana kunna wuta gaba ɗaya, ya kashe idan zafi ya kai inda aka saita, don haka zafin yakan yi ta hawa da sauka. Nau'i na biyu, irin su Herpstat, yana rage ƙarfin wutar a hankali yayin da zafi yake kusantar adadin da ake so, kuma shi ya fi riƙe zafi a wuri guda.

Inda ake ɗora kan awo

Na'urar ba ta san komai ba sai zafin da kan awo ya ji. Saboda haka yawancin matsalolin wannan tsari daga wurin ɗora shi suke tasowa. Abin da aka saba shi ne a kwantar da shi a kan tef ɗin dumama, a wajen akwati, a manne shi da tef ɗin alminiyum yadda jan akwati da mayar da shi ba zai goge shi ba. Akan zaɓi hawa na tsakiya, ko wanda aka auna aka ga ya fi zafi, domin iska mai ɗumi sama take yi, kuma hawan ƙasa yakan fi sanyi.

Ba a so a sa kan awo a cikin akwati. Maciji zai iya ture shi zuwa ɓangaren sanyi, ko ya zubar masa da ruwa ko fitsari. Da zarar ya ji sanyi, na'urar za ta saki wuta babu tsayawa. Haka kuma duk wani abu mai danƙo a cikin akwati zai iya manne wa macijin ya ɗaye masa fata.

Tunda roba da ɗan sararin da ke ƙarƙashinta suna rage zafi, adadin da na'urar ke nunawa yakan fi na cikin akwati. Ana gane bambancin ta hanyar kawar da shimfiɗa a auna gindin akwatin da ma'aunin zafi mai auno daga nesa, sannan a ƙara ko a rage saitin kaɗan-kaɗan, a jira wasu sa'o'i kafin a sake aunawa. Irin wannan ma'auni ba ya ba da sakamako daidai a kan alminiyum mai ƙyalli.

Matsaloli da dalilansu

Idan duk akwatunan sun yi zafi fiye da kima, galibi kan awo ne ya zame daga kan tef ɗin, ko kuma makunnin cikin na'urar ya maƙale a kunne. Idan hawa ɗaya ne kawai ya yi sanyi, ana duba mahaɗin waya da tef ɗin wannan hawa. Idan duk sun ƙi yin ɗumi alhali wuta na shiga, ɗakin ne ya yi sanyi da yawa, domin tef ɗin gindin akwati yake dumamawa, ba ya iya ɗaga zafin iska sosai. Tef ɗin da aka ninka ko aka ɗora wani sashe a kan wani yakan tara zafi a wuri ɗaya, har ya jawo gobara. Wanda aka ƙera domin wuta mai ƙarfin bolt 120 ta Amurka, idan aka sa shi a bolt 230, zai fitar da zafi kusan ninki huɗu.

Illa ga maciji da kariya

Yawan zafi yana jawo ƙuna a ciki, da lahani ga jijiyoyi, har da mutuwa cikin 'yan sa'o'i, tunda macijin ba shi da wurin gudu. Ƙarancinsa kuma yana sa ƙin cin abinci, da amayar da abin da aka ci, da ciwon numfashi. Don haka masu kiwo da yawa suna haɗa na'ura ta biyu a layin wutar, a saita ta sama da ta farko da 'yan digiri, ta yanke wuta idan ta farkon ta lalace. Ana kuma kunna sabuwar kanta ta yi kwana ɗaya ko biyu babu dabba a ciki, ana auna kowane hawa, kafin a sa macizai.