Tabkin Madarunfa: Tarihinsa da Wurin Shaƙatawar Jihar Maraɗi

Mutumin Mayahi ya san darajar ruwa, domin Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasarsa kwari ne na rairayi da kaba, ruwansa yana can ƙarƙashin ƙasa, sai an haƙa rijiya a same shi. Shi ya sa duk wanda ya tashi daga Mayahi ko Tasawa ya wuce Maraɗi, ya ƙara tafiyar kimanin kilomita 20 kudu, yakan tsaya yana al'ajabi idan ya ga Tabkin Madarunfa shimfiɗe, rani da damina ba ya ƙafewa. Gulbin Gabi ne ke shayar da shi, Gulbin Maraɗi kuma yana ƙara masa in ya yi ambaliya.

Tarihin tabkin yana ɗaure da na Katsinawa. A shekarar 1807 masu jihadi suka ci birnin Katsina, gidan sarauta na Haɓe ya yi gudun hijira arewa. Bayan zama a Damagaram da kuma ƙasar Tasawa, Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajen 1819. Tun daga lokacin, dazuzzukan da ke kudu da Maraɗi suka zama hanyar mayaƙa tsakanin Katsina biyu, har ƙarshen ƙarni na 19. Da Faransa da Ingila suka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, tabkin ya faɗo ɓangaren Nijar, manoma da masunta suka samu damar zama a bakinsa cikin kwanciyar hankali.

Wani abin da ya ɗaukaka sunan garin shi ne kaburburan waliyyai 99 da al'umma ta gada cewa suna kewaye da tabkin. Jama'a na zuwa ziyara daga Nijar da Najeriya, musamman lokacin Mauludi. A 2006 Nijar ta sanya tabkin da kaburburan da gandun dajin Madarunfa cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya. A 2019 kuma aka shigar da tabkin cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar.

Ta fannin shaƙatawa, baƙo ba ya rasa abin kallo. Da sassafe masunta na tura kwale-kwale suna jefa birgi, su fito da karfasa da tarwaɗa, mata na jira a gaɓa da kaskon suya. Mai sha'awa yana iya biyan ɗan kuɗi a zaga da shi cikin ruwa. Da sanyin hunturu tsuntsaye baƙi daga Turai kan sauka su haɗu da balbela da kirinjijiya. Ranakun hutu iyalai da ƴan makaranta daga Maraɗi kan shimfiɗa tabarmi a inuwar kuka, su wuni suna shan iska, su koma gida da kifi da kayan lambu.

Sai dai tabkin yana cikin haɗari. Sare itatuwa da noma har bakin ruwa suna sa damina ta kwaso rairayi ta cike gindinsa. Madatsar Jibiya da aka gina a jihar Katsina ta rage ruwan da ke gangarowa Gulbin Maraɗi. Su da ƙananan raga kuma yana kwashe ƴaƴan kifi tun ba su girma ba.

A nan ne aikin sarakunan gargajiya ya fito fili. Tun dā a ƙasar Hausa Sarkin Ruwa ke faɗin ranar buɗe su da ranar rufe shi, mai gari kuma ke hana saran itacen bakin gulbi. Idan hukuma da sarakuna suka haɗa kai wajen dasa itatuwa da kiyaye dokar su, jikokinmu za su tarar da tabkin da ruwansa da kifinsa. Allah ya tsare mana shi, amin.